Hannun Baba da Farar Zomanya

Wata huɗu Baba ya yi a gidana a Talata Mafara bai leƙa ko zaure ba sai don salla. Tun da ɓarayin daji suka kore garkensa a wajen Damaga, ba su bar masa ko maraƙi ba, na ɗauko shi da ƙullin kayansa da sandarsa. Ya shimfiɗa tabarma a rumfar tsakar gida, ya juya wa duniya baya. Mutumin da ya shekara hamsin yana riga zakara tashi, sai ga shi hantsi na samunsa a kwance. In matata ta kai masa fura, ya kurɓa sau biyu ya ture. Tsorona ɗaya ne, kada baƙin ciki ya ƙarasa abin da ɓarayi suka fara.

Ni malamin firamare ne, ko wutsiyar saniya ta fi ƙarfina. Don haka wata ranar kasuwa na sayo 'ya'yan zomo uku a kwali: fara, da mai ruwan toka, da mai ɗigon baƙi a hanci. Mai sayarwar ya ja mini kunne. Ya ce, "In gashinsu ya cukuikuye, ka samu tsohon buroshin haƙori ka taje musu. Amma kada ka danne su, kada ka riƙe ƙahwahun baya. Bayansu ba shi da ƙwari."

Baba ya leƙa kwalin ya taɓe baki. "Mi kak kawo min? Ɓeraye masu dogon kunne?"

Na ajiye kwalin a gefen rumfa. Amma a rana ta uku na dawo daga makaranta na tarar da tabarmar babu kowa. Ya ɗauki lauje ya fita, ya dawo da rungumen ganyen dankali, yana faɗa wai mun bar dabbobi da dusa zalla kamar ba mu da imani. Na shiga ɗaki na yi hamdala, har da ɗan hawayena.

Da zafi ya shigo suka fara zubar da gashi. Jiƙaƙƙiyar dusa da kashi suka manne musu a ciki da gindin wutsiya, gashin ya dunƙule. Na ɗauko buroshi. Wallahi na koyar da aji mai cike da 'yan ƙiriniya, ban taɓa shan wuya irin ta waɗannan halittu ba. Da sun hangi buroshin sai su buga ƙafa a ƙasa su shige bayan randa. In na kamo ɗaya, ta sa farce ta tsaga mini hannu tun daga wuyansa har gwiwa. Na lallaɓa, na ba da cin hancin ganye, na zage su har iyayensu. Matata kullum tana tambayata ko in ta dafa ruwan zafi a gasa wa jarumi raunukansa.

Wata safiyar Asabar ina rarrafe a bayan randa, sai na ji dariya. Baba ne. Rabona da jin wannan dariyar tun shanu suna nan. Ya miƙo hannu ya ce, "Kawo ta nan. Dabba sau guda aka kada ta, ta san hannu. Daga nan ita da kanta za ta zaka wurinka."

Haka yake yi wa maraƙin da ya ƙi tsayawa a cire masa kaska. Ya kayar da shi, ya haɗe ƙafafun baya a hannu ɗaya, ya danne kafaɗa, ya gama aikinsa, ya shafa masa wuya. Tun ina yaro nake ganin haka. Kuma maganar mai zomaye tana nan a kunnena, kalma-kalma. Amma ta yaya zan buɗe baki in koya wa wannan mutum riƙon dabba, a ranar da ya fara dariya? Na miƙa masa farar, da buroshin, na ja bakina na rufe.

Ya kwantar da ita a gefe, ya haɗe ƙafafun, ya ɗora tafin hannunsa. Ta yi harbi ɗaya da duk ƙarfinta. Na ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Shi bai ji ba, kunnensa ya yi nauyi. Ta yi lamo. Ya taje ta tsaf, a hankali, yana yi mata irin ƙananan maganganun da yake yi wa shanu da Fillanci. Ya ɗago yana murmushi. "Ka gani? Mi ag ga wuya nan?"

Ya sauke ta ƙasa. Ta ja jiki da ƙafafun gaba, na bayan suna biye da ita a ƙasa kamar tsumma.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce a kawo wuƙa kada ta mutu mushe. Na kawo. Ya karɓa, ya fuskantar da ita gabas. Mutumin da duk rugarsu shi ake kira yanka, ya miƙo mini wuƙar bai dube ni ba. Ni na yanka. Matata ta soya, babu wanda ya iya ci, aka miƙa wa maƙwabta.

Bayan kwana biyu na durƙusa gabansa na ce, "Baba, laifina ne. An gaya mini ba a danne su, na yi shiru."

Ya ce, "Ko ka hwaɗi ba ni ji. Tashi."

Shi ke nan maganar da muka yi. Laujen yana rataye inda ya rataye shi. Ni nake yankan ganyen yanzu, buroshin kuwa na daina ɗauka, biyun da suka rage suna yawo da gashinsu a dunƙule. Furar ma ta koma kurɓa ɗaya. Na rasa abin da zan sake kawowa cikin kwali, kuma na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Rannan da la'asar mai ruwan tokar ta fito daga bayan randa, babu wanda ya kira ta. Ta yi tsalle-tsallenta har bakin tabarmar Baba, ta kai hanci tana sansanar yatsunsa. Na tsaya cak da buta a hannu, ina roƙon Allah a zuci. Baba ya dube ta. A hankali ya janye hannunsa, ya tura shi ƙarƙashin riga.