Wutsiyar -ais ta hana ni tuwo

"Tun yaushe ka daina?" Da wannan tambayar matata Maman Nana ta tare ni a bakin ƙofa, ban ko ajiye jaka ba.

Wata biyar na yi ina cirani a Kano. Da motarmu ta wuce iyaka a Ɗan Barto a hanyar dawowa, na ce bari in burge ta da Faransanci, tunda ita malamar lakwal ce, wato makaranta, ni kuwa tun a aji huɗu muka yi hannun riga da boko. Na tura mata saƙo: Je t'aimais. Ai "je t'aime", wato "ina sonki", kowane ɗan kabu-kabu ya iya. Na ga wannan tana da doguwar wutsiya, na ɗauka son ya fi yawa.

Na ce, "Daina me?"

Ta ce, "Baban Nana, wannan -ais ɗin imparfait ne, abin da ake yi a da. Ka rubuto min 'a da ina sonki'. To, yanzu wa ake so?"

Na rantse, na ɗora wa waya laifi, duk a banza. Ta zaunar da ni a tabarma kamar ɗan aji: ais, ais, ait, ions, iez, aient. Har da "maimaita!"

Da yunwa ta ishe ni, na ce, "Malama, ina tuwo?"

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Je préparais."

Wallahi wannan ban nemi fassara ba: a da ne ake girki.

Ku da kuka yi lakwal, da wace wutsiya ake ba da haƙuri? Ku taimaka a ƙasa, tun jiya ƙuli-ƙuli nake ci.