Ranar da Aka Tura Mota Ina Kan Hancinta

Cikin duk ranakun da na yi riƙe da sitiyari, wadda ba ta fita raina ita ce ranar da mutanen wani ƙauye suka tura ni tare da motata ba da saninsu ba. Lokacin ina direba a sashen kiwon lafiyar dabbobi, bayan na gaji da manyan motoci da dogayen hanyoyi na dawo gida Wurno. Ku sababbin direbobi ku saurara, don duk mai tuƙa mota mai shan gas, wata rana iska za ta shigar masa layin mai.

Bayan kaka ne. Mun tashi daga Goronyo da farar fikof, ni da likitan dabbobi, Dakta Modu, Babarbare, za mu wata ruga a yankin Giyawa. Ardo Jabbi ya tara shanun mutanensa don allurar rigakafi, kuma washegari za su tafi kiwon rani. Allurar tana cikin kula mai ƙanƙara. Idan ƙanƙara ta narke maganin ya lalace, shanu su tafi ba kariya.

A bakin wani ƙauye mota ta fara tari, ta rage ƙarfi, ta mutu. Na buɗe bonet. Ga wanda bai sani ba, man gas yana bi ta filta kafin ya isa inji, a saman filtar kuma akwai ɗan famfo da ake dannawa da yatsa don jawo mai da korar iska. Na kwance ƙasan filta, sai ruwa da laka. Na danna famfo, laushi kamar tsohon tumatir: robarsa ta tsage, iska yake zuƙa.

"Baba Sanda, akwai matsala?" in ji Dakta.

"Akwai, amma maganinta na ƙarƙashin kujerarka."

Direbobin Agadas suka koya mini tafiya da filta da famfo na ajiya. Na cire tiyo biyu, na sauke tsohon kan filta mai ɗauke da famfon, na ɗaura sabo. Na cika sabuwar filta da gas mai tsabta, na shafa wa robar bakinta mai, na hau bamba don in ɗaura ta. Dakta kuwa ya ɗauki kula ya koma inuwar wata bishiyar bedi.

Na ga yadda ake karɓar mataccen inji a ƙasashe da dama. A Ikko zagi za ka fara sha. A Kwatano kafin ka buɗe bonet an kewaye ka da tallar abin da ba ka nema ba. A Agadas sai an dafa shayi tukuna a tambaye ka abin da ya faru. Amma a ƙasarmu, idan mutum ya ga mota tsaye, turi yake fara yi, gaisuwa ta biyo baya.

Daidai lokacin aka watse daga wani ɗaurin aure. Bonet ya kare ni, ba su gan ni ba, motar kuma ba ta cikin giya. Sai na ji wani ya ce, "Bisimilla, ku kama!" Kafin in ankara ƙasa ta fara gudu ƙarƙashina. Ga ni tsugune kan hancin mota, filta cike da gas a hannu kamar mai kai wa suruki fura, kujerar direba ba kowa. Na yi ihu da Hausa, na yi da Fillanci, na yi da Zabarmanci, har Faransanci ya fito. Su kuwa suna ta, "Sa giya, direba! Sa giya!" Dakta ya biyo mu a guje rungume da kula. Yashin wata gonar gero ne ya tsayar da mu.

Wani dattijo ya zagayo gaba yana haki, ya gan ni. "Subhanallahi! Malam, mi kaka yi nan? To wa munka tura?"

"Ni kunka tura, Alhaji. Na gode."

Dariya ta hana kowa tsayuwa. Filtar kuwa ko ɗigo bai zube ba, kuma har gobe ina alfahari da haka.

Ana cikin haka Ardo Jabbi ya iso bisa babur, ya gaji da jira. Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Ya dubi Dakta ya ce, "Ai na sani. An ba bawana aiki, ga shi shina yawo da tukunya cikin gona."

"Ardo, ubangidanka ke magana, cire hula. Ba don shanunka ba mi zai kawo ni nan?"

Na ɗaura filta, na matse ta da hannu. Na bayyana musu cewa ko zuwa Rabah suka tura motar nan ba za ta tashi ba muddin akwai iska a layin mai. Sai na ga fuskoki sun canja, har wasu sun koma baya sun dafa bodi, ko za a ƙara gwadawa. Dakta ya leƙa kula. Ƙanƙara ta soma iyo.

Na ce, "Jama'a, ƙarfinku nika so, amma na yatsa. Ku yi layi."

Na sassauta ɗan notin fitar da iska, suka shiga danna famfo ɗaya bayan ɗaya, har da ango. Kumfa ta fara fita tana tsartuwa. Ardo ya ture kowa. "Ku ba mai tatsa wuri!" Ya sunkuya ya danna da ƙarfi, gas ya feso masa a gemu. Dakta ya kusa sakin kula don dariya. Da kumfa ta ƙare, mai ya fito tsantsa, na ɗaure noti. Dattijon nan ya ci gaba da dannawa har famfo ya yi tauri ya ƙi shiga.

Na murza makulli. Ta yi gurnani, ta yi tari, ta kama. Kabbara ta tashi kamar an ga wata. Nan ne na ba su abin da suke so tun farko: suka tura ta ta fita daga yashi.

Mun isa ruga da sauran ƙanƙara a kula, aka yi wa shanu allura kafin la'asar, Ardo na ta warin gas yana cewa turaren Barebari ne.

Abin da na koya shi ne, injin gas ba ya jin ƙarfi, sai an lallashi iska ta fita. Mutanenmu kuma ba a hana su taimako, sai dai a nuna musu inda za su sa hannu. Har yau idan na bi ta ƙauyen nan, wani zai tare ni ya ɗaga babban yatsa ya ce nasa ne ya tada motar gwamnati. Kowanne nakan ce masa, "Ƙwarai, naka ne." Kuma ban yi wa ko ɗaya ƙarya ba.