Tubalin Gefen Kamina

Shekarar da ya rage mini aji ɗaya in gama kulliyar injiniya, wato tsangayar injiniya ta jami'a, ban yi hutun bazara ba. Akwai wani tsohon Dakta a sashenmu da ya saba, duk dogon hutu, ya zaɓi ɗalibai shida su yi wata biyu suna bincike a ƙarƙashinsa. Wanda ya nuna da gaske yake, sai ya rubuta masa takardar shaida ta neman majistir, wato digiri na biyu. 'Ya'yan manya suna da wasu hanyoyin. Ni 'yar mai gasa tubali daga unguwar Aljirif ta bakin kogi wannan kaɗai gare ni, kuma tun ina aji biyu na ƙwallafa rai a kanta. Sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba, jami'a yau a buɗe gobe a rufe, amma a wannan hutun aka bar mu muka yi aikinmu.

Aikin shi ne auna ƙarfin jan tubalin da ake gasawa a bakin kogi. Da na ji haka saura kaɗan in yi dariya. A cikin hayaƙin kamina na girma. Kamina ita ce tulin ɗanyen tubali da ake jerawa kamar gini, a shafe bayanta da laka, a hura wuta ta ramukan ƙasa kwana da kwanaki. Kakana daga gonakin Jazira ya zo ya kama wannan sana'a, Baba ya gada. Ban taɓa ɓoye wannan a kulliya ba, ban kuma yi shela ba. Masu ce mana Fallata, wato jikokin baƙi daga yamma, da ɗage hanci ba sa bukatar in ƙara musu abin faɗa.

Dakta ba ya fita da mu. Wani mu'id ya ba mu, matashin malami mai taimaka masa, mutum mai guga a riga da alƙalami uku a aljihu. Ran farko motar kulliya ta kai mu Aljirif da hantsi. Mu'id ya sami inuwar bishiya ya tsaya, ya ce a kira masu kamina, kowa ya kawo tubali goma. Aka kawo mana ruwan sanyi, aka kawo shayi. Sannan na ga abin da na san za a yi. Kowane mai kamina ya tafi da kansa can tsakiyar tuli, yana zaro tubali yana ƙwanƙwasawa, yana mayar da wanda bai yi masa ba. Baƙi sun zo daga jami'a da mota, wa zai miƙa musu abin kunya? Kaminar Baba ce ta huɗu. Har da hannun rigarsa ya goge ƙurar nasa kafin ya jera su a bayan mota.

Duk wanda ya tashi a wurin ya san kamina ba ta gasa tubali daidai. Na kusa da wuta ya ƙone ya yi baƙi ya murɗe, na tsakiya ya yi ja ya yi ƙarfi, na gefe da na sama kuwa wuta ta ɗan leƙa su ne kawai, fari-fari, farce ma yana kankare su. Mai saye kuma a gauraye ake loda masa. Da haka ake gina gidajen Alhilla Kuku da sauran unguwanni, ba da tubalin baƙo ba.

A ɗakin gwaji akwai injin da ke matse tubali har ya fashe, mu rubuta inda allura ta tsaya. Mako biyu muna fasawa, sakamako sai kyau yake yi. Mu'id yana ta murmushi, har ya fara maganar inda za a buga rahoton. Na ƙara haƙuri na kwana biyu, wanda a wurina babban ƙoƙari ne, sannan na same shi a teburinsa.

"Ya Ustaz, tubalin nan zaɓaɓɓe ne. Duk daga cikin kamina aka ciro shi. Ba shi ake sayar wa mutane ba."

Bai ɗago kai ba. "Mun nema, sun ba mu. Goma daga kowace kamina. Haka tsarin ya ce."

"Tsarin bai san mutanenmu ba. Sun karrama ka ne."

Nan ya ɗago ya dube ni, ya ce cikin Larabcinsa mai santsi, "Ilimin kamina ki bar shi a kamina. Nan jami'a ce. In kina son takardarki, ki yi abin da aka sa ki."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na koma wurin injin, na fasa sauran tubalin ranar.

Na ɗauka a gida zan sami mai goya mini baya. Da la'asar na sami Baba a bakin kogi yana duban ruwa, don ya fara hauhawa, kuma in ya cika sai ya shanye filin aikin har bayan damina. Na ce masa ina son tubali daga gefe da sama da bakin wuta, daga kaminarsa da ta maƙwabta.

Ya juyo. "Na gefe? Ki kai wa Dakta na gefe?"

"Shi nake so, Baba."

"Ke, kina da hankali kuwa? Mutum ya zo har wurinka, ka ɗauki abin da ko akuya ta taka zai ruguje ka ba shi? A ce daga kaminata ya fito? Wallahi aib ne. Halas, shi ke nan, kada in sake jin wannan maganar."

"Ai shi kuke loda wa mutane."

"Ana gaurayawa. Kowa ya san ana gaurayawa. Magini ya san inda zai sa kowanne." Ya kakkaɓe hannunsa. "Karatun da na kai ki ke nan, ki tona wa ubanki asiri a gaban Larabawa?"

Wannan maganar ta yi mini zafi fiye da ta mu'id, don shi Baba ina ƙaunarsa. Amma ban janye ba. Kashegari da sassafe na je da kwandon cefanen gidanmu, na hau kamina da kaina, na zaro tubali daga inda nake so, na rubuta wa kowanne wurinsa da gawayi. Baba yana tsaye yana gani. Bai hana ni ba, bai kuma amsa gaisuwata ba. Kwando ba ya ɗaukar fiye da biyar in ana so hannu ya kai, don haka kusan mako biyu na yi ina jigila a hafila, motar haya, kwando a kan cinya, jar ƙura tana ɓata mini tufafi. Wata tsohuwa ta taɓa tambayata ko a jami'ar ba a ba mu tubali ne, sai mun zo da namu daga gida.

Da azahar nake fasa nawa, lokacin da sauran suka tafi cin abinci. Ran nan ina cikin yi sai ga Dakta a bayana da sandarsa. Ya dubi farin tubalin da ya zama gari tun allura ba ta yi nisa ba, ya dubi rubutun gawayi.

"Wa ya sa ki wannan?"

"Ba kowa, ya Daktor."

"To yaya aka yi kika san na farkon zaɓaɓɓe ne?"

Na ɗauki biyu daga cikin na mu'id na gwara su, suka yi ƙara siririya kamar ƙarfe. Na ɗauki biyu daga nawa na gwara, suka yi wani dum kamar an bugi ƙwarya a cikin ruwa. Na ce, "Ubana ne ya gasa duka huɗun. Na ga lokacin da ya zaɓa."

Ya karɓa ya gwara da kansa, sau biyu, yana karkata kunne. Sannan ya ce in ci gaba, in rubuta nawa rahoton daban, kuma a ƙarshen wata za a sake duba na ƙungiya gaba ɗaya. Ya juya ya fita. Ranar na koma gida ina jin kamar in yi gudu.

Ƙarshen watan bai same shi a ofis ba. A shekarun nan ana wayar gari a ga an sallami malami ko ma'aikaci, a ce don maslahar jama'a ne, ba wanda zai yi maka bayani. Sunan Dakta ya fito tare da na wasu. Aka sa wa ƙofarsa sabon kwaɗo, aikin kuma ya koma hannun mu'id da sabon shugaban sashe. Mu'id ya tara mu shida, ya ajiye rahoton ƙungiya a tebur, wanda ke cewa tubalin bakin kogi ya cika ƙa'ida. Ya ce duk wanda ya sa hannu, shugaban sashe zai ba shi takarda mai hatimi. Biyar suka sa. Ban ga laifinsu ba, su abin da aka ba su suka auna. Da alƙalami ya iso gabana na mayar masa da murfinsa na ajiye.

"Ba za ki sa ba?"

"Ba zan sa ba."

"Mutumin da kike taƙama da shi ya tafi."

"Ya tafi, amma tubalin bai ƙara ƙarfi ba."

Bayan mako guda na ƙetare gada zuwa Umdurman da rahotona a jaka. Gidan Dakta yana bayan kasuwa, sai ka wuce layin masu ƙera kwanuka da na masu kayan yaji. Na same shi a tsakar gida cikin jallabiya, ya rame. Ya karanta rahoton tun daga farko har ƙarshe ina zaune, ya gyara mini wuri biyu, sannan ya ɗauko farar takarda ya rubuta mini shaidar da hannunsa. Da zai miƙo mini ya riƙe gefenta ya ce, "Yarinyata, ba hatimi a jikinta, kuma sunana yanzu ba ya buɗe ƙofa, rufewa yake yi. Ki koma ki sa musu hannu, ba zan ji haushi ba." Na ce na ji, na karɓa na sa a jaka.

Shekara ta zagayo, na gama kulliya da sakamako mai kyau, na kai takarduna ofishin neman majistir. Magatakarda ya buɗe, ya ga sa hannun da ke ƙasa, ya turo mini takardar da ɗan yatsa ɗaya.

"Kawo wata."

Na tura masa ita. "Ita gare ni."

"Ba za ta wuce ba, ina gaya miki don Allah."

"Na gode. Haɗa ta da sauran."

Ya girgiza kai ya haɗa. Ran da aka liƙa sunaye na karanta allon sau biyu daga sama har ƙasa. Biyar ɗin nan duk suna ciki, nawa babu. Na yi kuka a hafila tun daga tasha har Aljirif, kukan baƙin ciki da fushi, ban damu da masu kallona ba. Abin da na yi shekaru ina nema ya wuce ni, kuma na san ni na ƙi miƙa hannu.

Bayan kwana uku ɗaya daga cikin biyar ɗin, ƙawata, ta zo har gida. Ta ce mu'id ya aiko ta: za a liƙa ƙarin sunaye, rahoton yana nan a aljihun teburinsa, gurbin sa hannuna ma ba a cike shi ba. Ta riƙe hannuna tana roƙona, ta ce layi ɗaya ne kawai, wa zai sani. Na kawo mata shayi ta sha. Da na raka ta bakin titi na ce ta gaya masa na gode, amma tubalin da na auna, ni na san inda na zaro shi.