Ƙwan Zabin da Na Kasa Ci

A garinmu, ta wajen Gezawa, yaro ba ya gaya wa babba ya yi kuskure. Idan ka ga dattijo ya yi shuka ya ƙetare iyakar gonarsa, ba tare shi za ka yi ba. Sa'ansa za ka samu ka raɗa masa, shi ya san yadda zai isar. Da wannan aka rene mu, ban kuma taɓa ganin aibinsa ba sai da ya raba wata yarinya da aikinta, da hannuna dumu-dumu a ciki.

Ina aiki a wani kamfani a birni, sashen tsaron intanet. Gadi ne aikinmu, sai dai ɓarayinmu ba sa haura katanga, ta kwamfuta suke shigowa. Wata shekara manya suka tashi da maganar wai sashenmu duk maza ne, duk 'yan birni, a nemo mata, a nemo 'yan karkara. An yi taro a kan haka ya fi a ƙirga, ana shan shayi ana gyaɗa kai. Da aka tambaye ni ko na san wata, sai na kawo 'yar maƙwabcinmu, wanda gonarsa ke jikin tamu. Kwamfuta ta karanta a jami'a, tana zaune a gida tana gyara wa matan unguwa wayoyi. Ranar da za ta fara, babanta ya tako har zaurenmu ya ce mini ga amana nan.

Aka ɗauke ta gwajin wata shida, in ta yi abin kirki a tabbatar da ita. Satin farko aka zaunar da ita gaban kwamfuta aka ɗauki hotonta, aka buga ƙato aka kafa a bakin ƙofa. Daga nan duk baƙon da ya zo, ita ake kira ta gaishe shi, kamar sabuwar mota da ake nuna wa dangi. Aikin da aka ba ta kuwa shara ce: bin tsohon jerin sunayen masu izinin shiga kwamfutocin kamfani, abin da kowa yake gudu. Abin yana ba ni haushi, amma haushin nawa a motar komawa gida yake ƙarewa.

A cikin sharar nan ta tsinci abin da mu, masu gemu da tarin takardu, muke kwana muke tashi a kai ba mu gani ba. Wani ma'aikaci ya bar aiki tun bara, ba a soke izininsa ba, ga wani daga waje yana shigowa da kalmar sirrinsa yana leƙe-leƙe. Wanda alhakin sokewar ke wuyansa kuwa ogan sashenmu ne da kansa. Ta same ni bayan azahar ta nuna mini komai dalla-dalla, na ce ta tashi ta je ta gaya masa.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Kawu, ya haife ni fa. Da wane baki zan ce masa ya yi sakaci? Kai za ka faɗa masa."

Na je. Oga yana ji ya tambaye ni wa ya gano. Maimakon in kira sunanta, sai na ji bakina ya ce a sashe ne aka lura. Ya toshe ɓarakar nan take. Washegari a taron safe ya miƙe ya ba manya labarin yadda ya daɗe yana bibiyar wani ɗan kutse har ya datse masa hanya. Aka tafa masa. Ita ma ta tafa, da yake ta ga manya suna tafawa. Ni ma na tafa, kuma har yau idan na tuna sai in ji ƙyamar tafin hannuna.

Da wata shida suka cika, mu uku muka zauna a kan maganarta: oga, da ni, da wata Hajiya mai kula da ma'aikata. Oga ya ce yarinyar ba ta da laifi, amma shiru-shirunta ya yi yawa, ba ta taɓa kawo wani abu nata ba, wannan aiki kuwa sai mai ido. Ya ƙara da cewa 'yan ƙauye sai a hankali, ni ina zaune ɗan ƙauye. Hajiya ta duba takardu, babu inda sunan yarinyar ya fito. Ta juyo ta ce, "Malam, kai ka san ta. Akwai abin da za ka ƙara?"

Zan iya cewa tarbiyyar garinmu ce ta ɗaure mini baki, amma ƙarya ce. Ita kunya ce ta hana ta magana, ni kuwa tsoro ne tsagwaronsa, ina lallaɓa kujerata. Na ce, "Yarinya ce mai ladabi." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Aka sallame ta.

Hotonta bai sauka daga bakin ƙofa ba. Bayan sati biyu oga ya tare ni a ƙarƙashinsa, yana ƙorafin wai an nemi mata an rasa, ba sa zama, ko akwai wata a garinmu? Na ce zan duba. Ban duba ba.

Damina ce lokacin, zabi suna ƙwai. Ranar Juma'a bayan masallaci sai ga babanta da 'yar ƙwaryar ƙwan zabi an rufe ta da faifai. Na ɗauka ta gaya masa abin da ya faru. Ashe ko kalma ɗaya ba ta faɗa ba. Ya ajiye ƙwaryar ya ce, "Ta ce ka riƙe ta kamar 'yar cikinka. Rabo ne babu. Allah ya saka da alheri, ka riƙe amana."

Na amsa da amin, na raka shi har bakin hanya. Mai ɗakina ta dafa ƙwan, yara suka cinye nasu. Nawa guda biyu ta ɓare ta ajiye mini a kwano, suna nan har suka huce, tana tambayata ko ba ni da lafiya ne.