Karsanar da Ta Kwana a Gidanmu

Mu biyu ne kawai a gidanmu, ni da kakata Iya Hansai, a wani sabon ƙauye na ƙasar Bebeji inda aka zaunar da mutanenmu bayan ruwan Tiga ya cinye garinsu. Mahaifiyata ta rasu ina goye. Mahaifina kuwa, lokacin rabon gonaki ya fasa wa wani mutum kai da ƙotar fartanya a kan iyaka, ya gudu, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Idan aka idar da sallar isha'i sauran gidaje kan cika da hayaniya, mu kuwa sai mu zauna gaban murhu, Iya tana tura kara a wuta, ni ina jiran tatsuniya. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai a shekarun nan, ko da yake ban san sunansa ba.

Ina shekara goma sha uku, da rani, wata karsanar Malam Buba, Bafulatanin da ke rugar bayan gari, ta shiga fangalin irin albasarmu ta tattake shi kaf. Wata guda na yi ina ɗibar ruwa ina ba shi. Al'adar garin ita ce ka kama dabbar, ka ɗaure ta, ka ba ta ci da sha, da safe a je gaban mai unguwa. Na kamo ta na ɗaure a turke. Amma ruwa ban ba ta ba. Adda na ɗauko na zauna ina wasawa, da niyyar in sare mata agara kafin mai ita ya zo.

Iya ba ta ce in ajiye ba. Ta gyara zama ta ce, "Maigidana sarkin zuciya, matso kusa. Ga ta nan tafe, ko ka karɓa ko ta wuce."

Na ce, "Ta zo," ban ɗago kai ba.

Wai wani mutum ne maƙwabcinsa ya cuce shi. Sai ya tsinci dutse ya damƙe, ya rantse ba zai sake shi ba sai a goshin maƙwabcin. Yau bai same shi ba, gobe akwai mutane, haka dai har yatsunsa suka sandare a kan dutsen. Aka kawo tuwo, ya kasa yin loma. Aka miƙo masa hannu a masallaci, ya kasa gaisawa. Matarsa ta haihu, aka ba shi jariri, babu hannun karɓa. Mutane suka janye jiki ɗaya bayan ɗaya. Ran nan uwarsa ta rasu, aka haƙa kabari, aka ce ɗanta ya shiga ya karɓe ta. Ya tsaya a bakin rami yana kallo, baƙi suka sa ta.

Na ce, "To, sai aka yi yaya?"

Ta ce, "Shi ke nan, ta ƙare. Ba a yi komai ba." Ta tura kara a wuta, sannan ta ce, "Ɗanlami, ɗa ɗaya na haifa, shi ne ubanka. Kai ne ragowar."

Ba zan yi ƙarya in ce zuciyata ta huce ba. Ina kuka don haushi na kai wa karsanar nan ruwa da harawa, har da zaginta ƙasa-ƙasa. Da safe Malam Buba ya zo ya durƙusa ya ba Iya haƙuri, mai unguwa ya yanke cewa shanunsa su kwana a gonarmu har ƙarshen rani, su bar mana taki.

Zafin zuciyar mahaifina na gada, har yau kuwa yana nan. Da ina ɗauka tatsuniyar tsoratarwa ce irin ta yara. Sai da na girma na gane roƙona Iya take yi, don ba ta iya roƙo a fili ba. Ta rasu bayan shekara tara, ɗanta bai dawo ba. Da liman ya waiga ya ce wa zai shiga ya karɓe ta, ina nan tsaye. Na cire takalmina na sauka.