Shaidar Bakanike Kan Motar Halliru

Duk wanda ya taɓa fitar da albasa daga fadamun Wurno ya san Halliru Direba, in ma bai san shi ba ya san motarsa. A-kori-kura ce da ta taɓa zama fara. Ya saye ta hannu na uku shekara goma sha tara da suka wuce, bayan ya gaji da tuƙa motocin mutane. Da ita ya aurar da 'ya'ya biyu, da ita ya yi ta jigilar mahaifiyarsa asibiti Sakkwato har Allah ya karɓi abarsa. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, ba ya son doguwar magana sai da mutum ɗaya: Iliyasu bakanike, abokinsa tun ƙuruciya, mai gareji a bakin tasha.

Lokacin sanyi shi ne lokacinsu. Da an fito sallar asuba Halliru zai murɗa makulli, motar ta yi tari biyu ta yi shiru. Iliyasu kuwa yana kan bencin mai shayi, ya naɗe kai da mayafi, yana jira.

"Yau ma tsohuwa ta ƙi tashi?" in ji shi. "Wagga mota taka, in sanyi ya yi sai an yi mata wanka da ruwan zahi kamar mai jego."

"Ta hi ka jure sanyi," in ji Halliru. "Kai da kas sanya riga ukku, har da safa ga hannu."

Sai Iliyasu ya karɓi butar ruwan zafi wurin mai shayi, ya kwarara wa injin, mutanen tasha su tura suna dariya, ta tashi da hayaƙi. Haka kowace shekara, har masu sayen ƙosai sun san lokacin da za su zo kallo.

Babu inda hannun Iliyasu bai taɓa ba a jikin motar nan. Da tankin mai ya fara yoyo ya liƙe shi da sabulu, da sabulun ya gaza ya ɗaura jarka bayan kujera ya jawo tiyo zuwa inji. Ƙofar fasinja da robar tayar keke ake ɗaure ta, tagar kuma kwali ne. Da lagireto ya tsage, garin barkono ya zuba a ciki, ya ce zai toshe ramin, ya kuwa toshe. Sau biyu Halliru yana cewa zai tafi Sakkwato ya sayo wani, sau biyun Iliyasu yana hana shi.

"Kada ka ɓata tahiya. Wanga aiki da nay yi, shekara biyar za shi kai ka."

A sanyin bara ne Alhaji Abdulƙadiri, babban dillalin albasa a Goronyo, ya nemi mota ɗaya da za ta riƙa kwaso masa kaya daga gonakin bakin dam zuwa rumfarsa har kaka ta ƙare. Ya aiko wa Halliru ya zo ran Lahadi. Aiki ne da zai huta da zaman jiran lodi a tasha wata uku cur. Kafin ma ya gaya wa matarsa Mairo, sai da ya fara gaya wa Iliyasu. Iliyasu ya yi masa murna, ya yini ƙarƙashin motar yana ɗaure-ɗaure.

Ran Lahadi Halliru ya sa sabuwar shadda ya isa Goronyo da hantsi. Alhaji ya tarbe shi da kyau, ya sa aka kawo masa shayi, suka gaisa. Sannan ya gyara zama.

"Malam Halliru, na yi bincike kan motarka. An ce barkono ar riƙe da lagiretonta."

Masu ɗinkin buhu da ke gefe suka sunkuyar da kai suna murmushi.

"An ce man motar cikin jarka yake. An ce in sanyi ya yi sai an yi mata wanka da ruwan zahi kamar mai jego."

Nan suka kasa riƙe dariyar. Halliru ya ji maganar ta shige shi kamar allura. Ya san ta, ya san bakin da ta fito, shi da kansa ya yi mata dariya ya fi sau ɗari. Duk da haka ya tambaya.

"Alhaji, wa ya hwaɗi haka?"

"Wanda ka gyara ta mana. Wa ya hi shi saninta? Ka san yadda hanya take yanzu. In ta mutu cikin daji da kaya da mutane, mi za mu ce? Ka yi haƙuri, na ba wani."

Da ya fito ya ga wanin. Wata shuɗiyar a-kori-kura ce ake wa lodi, mai ita kuma Sa'adu ne, mijin Adawiyya 'yar Iliyasu. Halliru ne ya kai kayan ɗakin Adawiyya gidan yaron nan a motarsa, sawu uku. Sa'adu ya hango shi, ya duƙa yana duba tayar da ba abin da ya same ta.

Daga Goronyo har Wurno motar ba ta yi ko tari ba, wannan ma ya ƙara masa takaici. Bai biya gida ba, gareji ya tsaya. Iliyasu ya fito yana goge hannu da tsumma.

"Tsohuwa ta kai ka ta maido?"

"Na ji saƙonka wurin Alhaji."

Iliyasu ya daɗe yana goge hannun. "Tambaya ta anka yi, Halliru. In yi ƙarya?"

"Ban ce ka yi ƙarya ba. Wa ya zuba barkonon? Wa ya hana ni sayen sabo? In ba ta iya aikin, ni ya kamata ka hwaɗa ma, ranar da kay yini ƙarƙashinta."

"Sa'adu na da iyali. Yarinyar ga ta kusa haihuwa."

"Da ka ce mini haka, wallahi da na bar mai."

Halliru ya jira kaɗan, sannan ya shiga mota ya tafi.

A gida Mairo ta saurare shi har ya gama, ta ce ita dama ta yi mamaki, don tun ran Alhamis matar Iliyasu ta gan ta wurin suna ta kauce mata. Ashe kwana uku kowa na can gidan ya sani, shi kaɗai ne yake ta gugar shadda.

Washegari ya kai motar can garin Rabah wurin wani bakanike da bai taɓa sani ba. Kwana uku ta yi can. Aka sa lagireto, aka yi wa tanki walda, aka cire jarkar. Ya koma ɗaukar kayan ƙananan manoma, wani lokaci kifi daga bakin gulbi, ranar kasuwar Gandi kuma fasinja. In sun haɗu da Iliyasu a masallaci suna gaisawa. Da yayan Iliyasu ya rasu, Halliru ya yi zaman makoki har kwana uku. Amma daga lahiya lau ba ya ƙara komai.

Ana tsakiyar kakar albasa kaya suka yi wa Sa'adu yawa. Ya zo har ƙofar gida, ya durƙusa, ya ce Baba Iliyasu ne ya turo shi, akwai lodin yini biyu in Baba Halliru zai taimaka. Halliru ya amsa gaisuwarsa, ya tambayi mai jego da jinjiri, sannan ya ce motar tana da aiki.

Ba ta da wani aiki. Yini biyun nan taki ya yi ta kaiwa gonarsa, shi kaɗai, yana lodawa yana saukewa har la'asar.