Na-Ƙasan-Bene da Kwamfutar 'Yata

Ƙarfe bakwai da rabi yake ɗaga ƙofar shagonsa, in ma shago za a kira wurin. Lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, in ya miƙe tsaye sai ya sunkuyar da kai. Zai share, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya jera sukudirebobinsa tun daga babba har wanda bai fi tsinken sakace ba, ya ajiye murafen kwalba da yake zuba ƙananan noti a ciki. Sannan ya zauna. Wata rana har azahar ba wanda zai leƙo. Mutane na hawa suna sauka a bisa kansa, suna wucewa shagunan sama masu gilashi da kiɗa. Shekara ashirin da uku ke nan yana gyaran kwamfuta a nan. Na-Ƙasan-Bene kowa ke ce masa. Ƙarshen watan nan zai rufe, ido ya gaji, kuma na tabbata ba wanda zai tara mutane dominsa. To ni zan yi magana.

Ban yi makaranta ba. Faɗa nake, maƙwabciyata tana rubutawa, kuma na hana ta gyara min baki.

'Yata malamar firamare ce, ita kaɗai Allah ya bar min. Silin ajinta ya rufto ana tsakiyar karatu, ya karya wa wata yarinya hannu. Shugaban makarantar ya tara iyaye, ya tsayar da 'yata a gabansu, ya ce ta ga tsagewar ta yi shiru. Ƙarya yake. Ta rubuta masa takarda a kan tsagewar wata biyu kafin nan, ya sa hannu ya ce ya gani. Da aka je neman takardar a durowa, babu ita. Amma ta ɗauki hotonta ta zuba a tsohuwar kwamfutarta ta cinya. Ta dawo gida a guje ta kunna. Abar ta kawo haske, ta nuna tambarinta, ta yi baƙi. Ta sake haske, ta sake baƙi. Ta kai wa masu gyara biyu a saman benen nan, duk suka ce sai an goge komai an zuba mata sabo. Aka kore ta. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Shekara ɗaya da wata huɗu ina ajiye abinci a bakin ƙofar nan, in dawo in ɗauki kwano. Gida ɗaya muke, amma sai tarinta nake ji. 'Yan uwa suka zo sau biyu suka ɗauke ƙafa. Ƙanin babanta ma cewa ya yi a sayar da kwamfutar ga masu gwangwani a huta. Na ce masa in gwangwani ake nema, ga motarsa nan a ƙofar gida.

Wata safiya na naɗe kwamfutar a zane na tafi benen. Gwiwata ce ta hana ni hawa, na zauna a matakala ta farko ina haki. Ta haka na same shi.

Bai taɓa ta ba sai da ya tambaye ni ta wace ce, kuma me ke ciki da ba a son a rasa. Ba wanda ya taɓa yi min tambayar nan. Na kwashe komai na faɗa masa, har da zagin da na daɗe ina tanadi. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce kunna ta da ake ta yi shi ke ƙara kashe ta, kar a sake. Ya kife ta a kan farin ƙyallen, ya kwance, ya zaro wani abu kamar tafin hannu, ya ce wannan ce ma'ajiyar da take ajiye komai a ciki, kuma ta gaji. Ya ce zai fara kwafe abin da ke ciki a hankali zuwa wata lafiyayya kafin ya taɓa sauran. Na ce kwana nawa. Ya ce bai sani ba.

Kwana tara aka yi. Kullum ina zuwa in zauna a benci, don gidan ba ya zaunuwa. A nan na ji labarinsa, ba daga bakinsa ba. Matar da ke ɗinki a gefensa ta ce da idonta ta ga ya ƙi goge kwamfutar wani direba da ke sauri, don akwai hotunan matarsa marigayiya a ciki. Direban ya zage shi ya tafi, bayan mako ya dawo yana share hawaye. Mai yankan makulli ya ce rabin na saman nan a hannunsa suka koyi riƙe sukudireba, yanzu in sun wuce ko sallama sai sun ga dama. Ya ce tun da matar Na-Ƙasan-Bene ta rasu, a shagon yake cin abincinsa shi kaɗai, fuskarsa na kallon bango.

Rana ta tara ya mayar da komai, ya danna. Ta yi haske, ta nuna tambari, na runtse ido. Sai ta yi wani ɗan sauti mai daɗi, ta tsaya a kan hoton 'yata da 'yan ajinta. A ƙasa akwai wani ɗan gurbi. Ya ce kalmar sirri take nema.

Na ce ya buɗe. Ya ce a'a. Na tambaye shi ko ba zai iya ba ne. Ya ce zai iya, kafin in gama ɗaura ɗankwali.

"To me kake jira, Malam?"

"Iya, mai ita tana raye. Ba na shiga ɗakin mutum yana ciki bai ce in shigo ba."

Allah ya yafe min abin da na faɗa masa ranar. Na ce da shi da shugaban makarantar duk ɗaya ne, kowa na da dalilin barin 'yata a rufe. Mai ɗinki ta dakatar da kekenta. Shi kuwa ya naɗe min ita a zanena, ya nuna min maɓallin da zan danna, ya ce ya ƙure sautin, in bar shi yadda yake, kuma kar in yi wa 'yata magana.

Da la'asar na ajiye ta a inda nake ajiye kwano. Na danna. Sautin nan ya fita. Na koma tsakar gida na zauna, na juya baya. Ban san minti nawa ba, sai na ji sakata. Sai na ji ƙarar yatsu a kan maɓallai. Sai ta ce, "Umma, zo ki gani. Ga sa hannunsa." Ban iya karatu ba, amma na je na gani.

Ranar da kwamitin makarantar ya zauna, suka ce wa ya sani ko haɗa hoton aka yi. Mutumin da mai makulli ya ce bai taɓa rufe shago da rana ba, ya rufe ya zo. Ya nuna musu ranar da hoton ya shiga kwamfutar, ya ce ga tsohuwar ma'ajiyar da ya zaro naɗe a takarda, su kai wa duk wanda suka yarda da shi. Sun ba 'yata takarda mai layi uku cewa ba ta da laifi. Ban karɓi wannan a matsayin ƙarshe ba. A gaban iyaye aka tozarta ta, a gaban iyaye za a wanke ta, kuma duk ranar Litinin ina bakin ofishinsu har sai sun yi.

Kai kuwa, Na-Ƙasan-Bene, mai hannun haƙuri, kai ne ka san abin da ni uwarta ban sani ba. Da ka buɗe min, da na samu takarda na koma gida ƙofarta tana nan a rufe. Na zage ka a gaban maƙwabtanka, don haka a gaban mutane nake ba ka haƙuri. Na gode. Allah ya riƙa maka idonka, ya ba ka wanda zai zauna ku ci abinci tare.

Ku kuma na saman bene, ku sauko ku gaishe shi kafin wata ya ƙare. In an kawo muku kayan mutum, ku tambayi abin da ke ciki kafin ku goge. Jiya 'yata ta fita titi da ƙafarta, karon farko. Ba kwamiti ta nufa ba. Ta ce sai ta fara ganin mutumin da ya ƙi buɗe mata kwamfuta.